Da Na Sani Ƙeya Ce: Shari'ar da Ake Yi wa Koci Bayan Shan Kaye a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A daren Alhamis, 7 ga Janairun 2010, mutum 94,906 ne suka cika filin wasa na Rose Bowl da ke Pasadena a jihar Kalifoniya, domin ganin wanda zai zama zakaran ƙwallon jami'o'in Amurka. Jami'ar Texas da Jami'ar Alabama ne a fage, kowacce ta buga wasanni 13 a kakar ba a kai bayanta ƙasa ba. Ko minti biyar ba a yi da take wasa ba, Colt McCoy, madugun 'yan wasan Texas, ya rungumi ƙwallo ya nufi hagu, sai wani ƙaton mai tsaron baya na Alabama, Marcell Dareus, ya gabje shi a kafaɗar dama. Karon bai yi kama da abin tayar da hankali ba, don an sha yi masa waɗanda suka fi shi muni ya miƙe ya ci gaba da wasa. Amma a wannan karon McCoy ya fita fili hannunsa na dama yana reto, bai kuma sake komawa ba.

Alabama ta lashe wasan da maki 37 da 21. Shekaru sun shuɗe, amma tambayoyi biyu sun ƙi barin bakin magoya bayan Texas. Ta farko: da McCoy bai ji rauni ba, wa zai ɗauki kofin? Ta biyu: me ya kai kocin Texas, Mack Brown, ga ba da umarnin jefa ƙwallo saura daƙiƙa 15 a tafi hutun rabin lokaci, alhali yaron da ya karɓi ragamar ƙungiyar shekararsa 18 kacal?

Irin waɗannan tambayoyi su ne abincin gidajen rediyo da jaridun Amurka duk ranar Lahadi da Litinin, bayan wasannin Asabar. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Kano ko Damagaram bayan an doke ƙungiyar da ake so, ya san yanayin: kowa ya rikiɗe ya zama koci, kowa ya san wanda ya kamata a cire da wanda ya kamata a saka. Matsalar ita ce, wannan shari'a ta bayan wasa takan cuɗa abubuwa uku da ba su da haɗi: kasada mai ma'ana da ba ta yi nasara ba, kuskure na ƙarara, da kuma wasa da lafiyar ɗan mutane. Idan ba a rarrabe su ba, sai a yi ta kururuwa inda bai kamata ba, a yi gum inda ya kamata a ɗaga murya.

Wasan da koci ke da hannu a kowane taku

Ƙwallon da Amurkawa ke yi ta fi kama da zari-ruga. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta yi, a sake ba ta wasu huɗun, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Shiga gidan abokan karawa da ƙwallo maki 6 ne, sannan a ƙara 1 da bugu, ko 2 idan aka sake shiga gidan daga kusa. Buga ta ta tsakanin sanduna biyu daga tsakar fili maki 3 ne. Madugu shi ne ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya jefa ta, ko ya miƙa wa mai gudu, ko shi da kansa ya ruga da ita.

Bayan kowane yunƙuri akan tsaya, koci da mataimakansa su aiko da umarnin abin da za a yi a gaba. Ƙungiya takan yi yunƙuri 60 zuwa 80 a wasa guda, kuma kusan kowanne da sa hannun koci. Saboda haka mai neman abin zargi bayan wasa ba ya rasawa.

Ga kuma girman harkar. Filin Jami'ar Texas da ke Austin yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, na Jami'ar Michigan fiye da 107,000. A Disambar 2009, wata guda kafin wancan wasa, hukumar jami'ar ta ɗaga albashin Mack Brown zuwa dala miliyan 5 a shekara. Su kuwa 'yan wasan, a wancan zamani tallafin karatu da ɗaki da abinci kawai ake ba su. Sai a 2021 aka halatta musu samun kuɗi da sunansu da hotonsu, a 2025 kuma aka buɗe wa jami'o'i ƙofar biyansu kai tsaye. Kakar wasa gajeriya ce, wasanni 12 kafin na ƙarshe-ƙarshe, kuma daga 1998 zuwa 2013 ƙungiyoyi biyu kaɗai ake zaɓa su buga wasan kofi. Faɗuwa ɗaya tana iya rushe aikin shekara. Inda kuɗi ya yi yawa haka, dama kuma ta yi ƙaranci haka, haƙuri ba ya samun wurin zama.

Daƙiƙa 15

A ɗakin sauya kaya an ɗauki hoton ƙashin McCoy, ba a ga karaya ba. Jijiya ce ta bugu, hannun ya mutu murus. Ya gwada jefa wa mahaifinsa ƙwallo daga 'yar tazara kaɗan, ta ƙi zuwa inda ya nufa. Wannan shi ne ɗan wasan da ya jagoranci Texas ga nasara 45, adadin da babu madugun da ya taɓa kai wa a babbar gasar jami'o'i kafin shi, kuma wannan ne wasansa na ƙarshe a rigar jami'ar. Ya dawo gefen fili ya tsaya yana kallo. Bayan wasa ya shaida wa 'yan jarida cewa ba ciwo yake ji ba, hannun ne kawai ba ya jin sa, kuma ba zai tuhumi Ubangiji a kan abin da ya hukunta ba.

Wanda ya maye gurbinsa, Garrett Gilbert, ɗan ajin farko ne da ya fito daga makarantar sakandare ta Lake Travis da ke kusa da Austin, inda aka zaɓe shi gwarzon ƙasa baki ɗaya a matakin sakandare. Amma sakandare daban, Alabama daban. A rabin farko ya yi jifa 10, ɗaya tak ta isa hannun ɗan ƙungiyarsu. Alabama ta farfaɗo ta hannun masu gudunta biyu, Mark Ingram da Trent Richardson, har ta kai 17 da 6 saura daƙiƙa 29 a tafi hutu.

A nan ne abin da ake ta muhawara a kansa ya faru. Abin da aka saba shi ne madugu ya durƙusa da ƙwallo, agogo ya ƙare, a tafi hutu a sake shiri. Texas ta miƙa wa mai gudu ƙwallo, ya ci yadi 9. Sai Brown ya tsayar da agogo saura daƙiƙa 15, ya ba da umarnin wata 'yar gajeriyar jifa da ake cilla wa mai gudu a gaban madugu, tazarar da ba ta wuce taku biyu zuwa uku ba. Ƙwallo ta yi tsalle a hannun mai gudun, D.J. Monroe, ta faɗa hannun Dareus, shi dai wanda ya ji wa McCoy rauni. Mutum mai nauyin fiye da kilo 130 ya ture Gilbert, ya juya ya kauce wa wani, ya ruga yadi 28 ya shiga gidan Texas. Aka tafi hutu 24 da 6.

Brown ya kare kansa da cewa ya zaɓi jifar da ta fi kowacce aminci, wadda bai taɓa ganin an cafke ta ba, da fatan a matsa kusa a sami maki 3. Masu suka suka ce ribar ƙarama ce, asarar kuwa babba, kuma yaron da hankalinsa ya riga ya tashi ba a ƙara masa kaya. Maganarsu ta ƙara nauyi da abin da ya biyo baya: Gilbert ya nutsu a rabi na biyu, ya jefa wa Jordan Shipley ƙwallo sau biyu, daga yadi 44 da yadi 28, Texas ta matso 24 da 21 saura minti 6. Da ba a yi kyautar waɗancan maki 7 ba, in ji su, da Texas ce a gaba. Saura kimanin minti 3, Eryk Anders na Alabama ya fyaɗe Gilbert ta bayansa, ƙwallo ta suɓuce, Alabama ta tsince ta yadi 3 daga gidan Texas, wasa ya ƙare a nan.

Lissafin masu suka yana da daɗin ji, amma akwai rami a cikinsa. Alabama ta shafe kashi na uku na wasan tana taka-tsantsan, tana cin lokaci, saboda tana gaba da maki 18. Da tazarar 11 ce, babu wanda zai rantse cewa haka za ta yi wasa. Ba a cire yunƙuri ɗaya daga cikin wasa sauran su tsaya yadda suke.

Kasadar da aka manta

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, babbar kasadar wannan dare daga ɗaya bencin ta fito. A riƙon ƙwallo na farko, Alabama tana yadi 20 daga gidanta, tana buƙatar yadi 23 a damarta ta ƙarshe, maimakon ta doka ƙwallo nesa kamar yadda kowa ya zata, sai mai bugun ya yi jifar yaudara. Blake Gideon na Texas ya cafke. Da Alabama ta faɗi a daren, da wannan yunƙuri ne kanun labarai, da kocinta Nick Saban ya sha tambaya har ya gaji. Da yake ta ci, ya zama ɗan ƙaramin labari a ƙasan shafi.

Shi kansa Brown ya ci irin wannan arziki wata guda kafin nan. A ranar 5 ga Disambar 2009, Nebraska tana gaban Texas 12 da 10 a daƙiƙun ƙarshe. Texas tana da damar tsayar da agogo ba ta yi ba, McCoy ya yi ta jan ƙafa sannan ya jefar da ƙwallo waje, agogo ya nuna sifiri, 'yan Nebraska suka kwararo fili suna murna. Sai da alƙalai suka duba bidiyo suka mayar da daƙiƙa ɗaya, Hunter Lawrence ya buga daga yadi 46, Texas ta tsira 13 da 12. Wannan sakacin agogo ya fi jifar Pasadena muni nesa ba kusa ba. An yi 'yar magana a kai, ta wuce, domin ƙwallo ta bi ta tsakanin sanduna.

Saban ma ranarsa ta zo. A ranar 30 ga Nuwambar 2013, Alabama da Auburn suna kunnen doki 28 da 28, ya nemi a duba bidiyo aka mayar masa da daƙiƙa ɗaya, ya tura matashi Adam Griffith ya gwada bugu daga yadi 57. Ƙwallo ta gaza isa, Chris Davis na Auburn ya cafe ta a ƙarshen gidansu, ya tsinke da gudu har ɗaya ƙarshen filin, ƙattin da aka jera don kare mai bugu suka kasa cim masa. Auburn ta ci 34 da 28, burin Alabama na ɗaukar kofi karo na uku a jere ya rushe, aka ce Saban ya yi ganganci. A ranar 8 ga Janairun 2018 kuma, Georgia tana gabansu 13 da nema a wasan kofi, ya ajiye madugunsa Jalen Hurts a hutun rabin lokaci ya saka ɗan ajin farko Tua Tagovailoa. Alabama ta ci 26 da 23 a ƙarin lokaci, aka ce babu gwani sai shi. Mutum ɗaya ne, halinsa na ɗaukar kasada bai sauya ba. Sakamakon ne ya bambanta.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan ɗabi'a. Kafin tafiyar shugaban Amurka Richard Nixon zuwa Sin da Tarayyar Sobiyet a 1972, Baruch Fischhoff da Ruth Beyth sun nemi ɗalibai a Isra'ila su yi hasashen abubuwan da za su faru, misali ko jagoran Sin, Mao, zai gana da shi. Bayan tafiyar suka ce kowa ya tuna hasashensa. A binciken da suka wallafa a 1975, yawancin ɗaliban sun tuna cewa sun fi ba abin da ya faru ƙarfi fiye da yadda suka ba shi a zahiri. A 1988 kuma Jonathan Baron da John Hershey na Jami'ar Pennsylvania suka ba mutane labarin likita da ya yanke shawarar yin tiyata, bayanai iri ɗaya, haɗari iri ɗaya. Inda aka ce majinyacin ya rayu, sai aka yaba shawarar. Inda aka ce ya mutu, sai aka kushe ta. Ɗan kallon da ke rantsuwa ranar Litinin cewa tun farko ya san jifar za ta ɓaci, ba lallai ƙarya yake yi da gangan ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ta gyara masa labarin bayan ta ga ƙarshensa.

Da McCoy bai ji rauni ba

Wannan ita ce tambayar da ta fi sanyaya zuciyar 'yan Texas, domin ba ta da amsa, kuma abin da ba shi da amsa ba a iya ƙaryata shi. Hujjarsu tana da ƙarfi: idan yaron da bai san komai ba ya matso da tazara zuwa maki 3, ina ga gwani? Amma akwai abin da suke tsallakewa. Wata guda kafin wasan Pasadena 'yan Nebraska, ƙarƙashin Ndamukong Suh, sun kayar da McCoy sau 9 kafin ya yi jifa, Texas ta ƙare da maki 13 kacal, kuma masu tsaron bayan Alabama ba kanwar lasa ba ne. Sannan rauni bai zaɓi ɓangare ɗaya ba. Madugun Alabama, Greg McElroy, ya buga wasan da tsagaggen haƙarƙari da ya samu a karawarsu da Florida, abin da ba a bayyana ba sai bayan wasa. Jifa 11 kawai ya yi a daren, 6 suka isa, yadi 58.

Wasu sun zargi Brown da mataimakinsa Greg Davis da sa McCoy gudu da ƙwallo a irin wannan wasa. Wannan zargi ba shi da tushe. Gudu yana cikin abin da ya sa McCoy ya zama McCoy: shi ne ya fi kowa cin yadi da ƙafa a ƙungiyar a 2008, kuma makonni kaɗan kafin Pasadena ya ci yadi 175 da gudu a kan Texas A&M. Babu wanda ya koka a lokacin.

Idan akwai tuhumar da ta cancanci a ajiye a gaban Brown, ba ta cikin waɗancan daƙiƙu 15. Kafin wannan dare, jifa 26 kacal Gilbert ya yi a duk kakar. Alhali Texas ta yi wasanni da dama da ta gama da su tun da wuri: 64 da 7 a kan UTEP, 41 da 7 a kan Missouri, 51 da 20 a kan Kansas. Waɗannan su ne ranakun da ake sakar wa mai jiran gado mara ya yi jifa, ya yi kuskure, ya koya. Kuma Brown ba baƙo ba ne ga wannan darasi. A Nuwambar 2006 McCoy ya ji rauni a jijiyar wuya da kafaɗa a farkon wasa da Kansas State, Texas ta faɗi 45 da 42, ta sake faɗuwa a hannun Texas A&M, kakar ta lalace. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan sakaci ne da ake iya gani kafin wasa, ba sai an jira sakamako ba, amma da yake ba a iya nuna shi a bidiyo na daƙiƙa 10, bai samu rabin hayaniyar da jifar ta samu ba.

Kuskuren da ba shi da uzuri

Kada a ɗauka cewa duk sukar bayan wasa zalunci ce. A ranar 7 ga Oktoban 2023, Miami tana gaban Georgia Tech 20 da 17, ƙwallo tana hannunta, saura kimanin rabin minti, kuma Georgia Tech ba ta da sauran damar tsayar da agogo. Durƙusawa ɗaya ta isa ta rufe wasa. Koci Mario Cristobal ya bari aka miƙa wa mai gudu ƙwallo, ta suɓuce daga hannun Don Chaney. Georgia Tech ta tsinta, Haynes King ya jefa wa Christian Leary daga yadi 44 saura daƙiƙa ɗaya, Miami ta faɗi 23 da 20. Cristobal ya amsa cewa durƙusawa ya kamata a yi.

Bambancin wannan da na Brown a fili yake. Brown yana baya da maki 11, yana neman abin da zai rage tazara, ko da ribar ƙarama ce. Cristobal ba abin da zai samu ko da mai gudun ya ci yadi 50, domin nasara tana aljihunsa. Ko da ƙwallon ba ta suɓuce ba, shawarar ba daidai ba ce. Da wannan ma'auni ake gane kuskure na gaskiya: shawarar da za ta ci gaba da zama mummuna ko da an yi sa'a.

Inda jikin ɗan mutane ya shigo

Kashi na uku shi ne mafi nauyi. A ranar 27 ga Satumbar 2014, Michigan tana shan kaye a gida a hannun Minnesota. Madugunta Shane Morris ya riga ya ji ciwo a idon sawu yana ɗingishi, ba a cire shi ba. A kashi na huɗu wani ɗan Minnesota ya sa masa hular kwano a haɓa bayan ya yi jifa. Morris ya miƙe yana tangaɗi, ya jingina da wani abokin wasansa don kada ya zube. Masu sharhi a talabijin suna cewa a fitar da yaron, 'yan kallo suna ihu, amma ya sake yin yunƙuri ɗaya kafin a kira shi. Jim kaɗan hular wanda ya maye gurbinsa ta cire, doka kuma ta ce sai ya fita na yunƙuri guda, sai aka sake tura Morris fili.

Michigan ta faɗi 30 da 14, amma ba makin ne ya tayar da ƙura ba. Ranar Litinin koci Brady Hoke ya ce a iya saninsa Morris bai samu girgizar ƙwaƙwalwa ba. Cikin daren, wajen ƙarfe 1, daraktan wasanni Dave Brandon ya fitar da sanarwa cewa likitoci sun ga alamun ya samu, kuma an sami gagarumin rashin fahimtar juna tsakanin masu horarwa da ma'aikatan lafiya. Ɗalibai suka yi zanga-zanga a harabar jami'a. Brandon ya ajiye aiki ranar 31 ga Oktoba, aka sallami Hoke a farkon Disamba bayan kakar da suka ci 5 suka faɗi 7. Daga kakar 2015 gasar Big Ten, wadda Michigan ke ciki, ta fara ajiye ma'aikacin lafiya mai zaman kansa a saman fili, yana kallon bidiyo, yana da ikon sa a tsayar da wasa. A 2016 manyan gasannin jami'o'i suka amince da dokar da ta ba likitocin ƙungiya ikon yanke hukunci kan komawar ɗan wasa fili, ba tare da koci ya sa baki ba. A nan surutun bayan wasa ya yi amfani, domin ya sauya doka.

Lamarin Tagovailoa ya fi wannan sarƙaƙiya. An yi masa tiyata a idon sawu a Oktoban 2019, ya dawo ya buga wasan da LSU ta doke Alabama 46 da 41. Mako guda bayan haka, ranar 16 ga Nuwamba, Alabama tana gaban Mississippi State 35 da 7 dab da hutun rabin lokaci, Saban ya bar shi a fili domin ya ƙara gogewa a salon harin gaggawa. 'Yan baya biyu suka danne shi, ƙashin kwatangwalonsa ya goce, aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu, aka yi masa aiki a Houston. Wasansa na ƙarshe ke nan a jami'a. Makonni biyu bayan haka Auburn ta doke Alabama 48 da 45, Alabama ta rasa gurbi a wasannin kofi karo na farko tun da aka fara tsarin ƙungiyoyi huɗu a 2014. Gaskiya ne yawancin masu horarwa ba sa cire madugu kafin hutun rabin lokaci, kuma kwatangwalo ba idon sawu ba ne. Amma tazarar maki 28 da tiyatar da ba ta cika wata guda ba, abubuwa ne da Saban ya sani kafin karon. Tambayar da aka yi masa halattacciya ce.

Wa ke shan dukan?

Koci yana da albashi, da lauyoyi, da yarjejeniyar da ke biyansa ko an sallame shi. Brown ya ci gaba da riƙe Texas har ƙarshen 2013. Saban ya ɗauki kofi 6 a Alabama kafin ya yi ritaya a Janairun 2024. Waɗanda fushin jama'a ya fi sauka a kansu yara ne 'yan shekara 18 zuwa 22.

Gilbert ya gaji McCoy a 2010, Texas ta ci 5 ta faɗi 7, kaka mafi muni tun 1997, aka cafke masa jifa 17. A Satumbar 2011, a wasa da BYU, magoya bayan ƙungiyarsa suka yi masa ihu a filin gidansu har aka cire shi. Aka yi masa tiyata a kafaɗa, ya tattara ya koma Jami'ar SMU. Cade Foster, mai bugun Alabama da ya gwada sau 3 bai ci ba a wancan wasa na Auburn a 2013, ya sha zagi da barazanar kisa a Twitter, har tsohon shugaban ƙasa George W. Bush ya rubuta masa wasiƙar ƙarfafa gwiwa da hannunsa. Ba Gilbert ne ya hana kansa gogewa ba, kuma ba Foster ne ya tsara yadda za a tare Chris Davis ba.

Muhawarar bayan wasa ba abin kunya ba ce. Rabin daɗin ƙwallo a cikinta yake, kuma mutumin da ake biya miliyoyin daloli dole ya amsa tambaya. Abin da ake buƙata shi ne adalci wajen yin ta. Kafin mai kallo ya yanke wa koci hukunci, ya tambayi kansa abu uku. Me kocin ya sani a lokacin da ya ba da umarnin? Da an yi nasara, zan ce shawarar daidai ce? Kuma lafiyar wa aka jefa cikin haɗari? Da wannan ma'auni, jifar Brown kasada ce da ba ta yi ba, sakacinsa na gaskiya shi ne rashin shirya mai jiran gado. Na Cristobal kuskure ne tsagwaronsa. Abin da ya faru a Michigan kuwa ya wuce maganar maki, kuma irinsa ne ya cancanci a tsaya kai da fata har sai an gyara. A tuhumi koci da hujja, a matsa wa hukumomi su kare lafiyar 'yan wasa, a kuma ƙyale yaron da ƙwallo ta suɓuce masa ya koma aji ranar Litinin cikin mutuncinsa.